Fedar Da Ta Buɗe Ƙofar Kufai

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa a koya muku gyaran gem, na san abin da kuka hango. Kun hango kujera da fanka da talabijin, da mutum zaune riƙe da fad, abin buga gem ɗin nan mai maɓallai, yana harbin jirage, kuka ce ai wannan ba aiki ba ne, wasa ne ake biyan mutum ya yi. To ku gyara zama. Ni Isiyaku na shiga sana'ar nan ko gashin baki ban fara ba, yanzu ga furfura har a gira, kuma har yau akwai injin da in aka ajiye mini shi a tebur sai na yi bisimilla na ƙara kafin in kwance shi.

A Nyanya na koya, wurin Oga Bulus. Mutumin Abaji ne, ɗan Gbagyi, mai gyaran rediyo da talabijin a cikin wata kwantena da aka huda wa taga. Lokacin da injinan gem suka fara shigowa gari, sauran masu gyara korar su suke yi, su ce kayan yara ne. Shi kuwa sai ya karɓa, ya kwance, ya zauna yana kallon cikinsu kamar mai karanta jarida. Watannina na farko bai bar ni na taɓa ƙarfen soda ba. Aikina rarraba sukurori a gwangwanayen madara, dogaye daban, gajeru daban, da goge fanka da tsohon buroshin haƙori. In aka kawo inji, kafin ya sa masa mitar awon wuta sai ya miƙo mini ya ce, "Shinshina." In ce ina jin ƙauri. Ya ce, "Wane irin ƙauri? Na roba ne ko na waya? Kai, hanci ma kayan aiki ne." Daga hanci muka koma kunne, har na iya bambanta kukan fankar da datti ya cika da kukan wadda ta kusa mutuwa.

Dokar da ya fi tsanantawa a kanta ita ce, ba a miƙa wa mai kaya injinsa sai an buga gem a kai. Yakan ce, "Ba ka ga ya kawo wuta ka ce ya gyaru ba. Buga shi, buga shi sosai har ya yi zafi. Mutumin nan ba wuta ya zo nema ba, wasansa ya zo nema." Shi ya sa kuke ganina da fad a hannu. Idona yana kan talabijin, amma kunnena yana kan fanka, babban yatsana kuma yana jin ko sandar fad tana janyewa gefe da kanta, ko wani maɓalli yana nauyin dawowa.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙarfen soda mai siririn baki, da dalma, da mita, da sukudirebobi, da hantsaki, da gilashin ƙara girma. Duka ba su cika jaka ɗaya ba. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne hannu ya daina rawa, ka ɗora ɗigon dalma a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, ba tare da ya taɓa maƙwabcinsa ba.

Kwastomomi kuwa iri-iri ne. Akwai masu gidajen gem na unguwa, waɗanda samari ke murƙushe musu fad wajen buga ƙwallo, su kullum cikin sauri suke. Akwai kuma manyan ma'aikatan gwamnati, su zo da yamma cikin farar shadda, su buɗe but ɗin mota su waiga hagu da dama, sannan su ce, "Oga, na yarona ne, ya dame ni." Sai in duba maɓallan in ga irin cinyewar da suka yi, in san babban yatsan da ya yi wannan aikin ba na ɗan firamare ba ne. In ce, "Allah ya raya yaro." Ban taɓa tona wa kowa asiri ba, kuma ku ma kada ku fara.

Shagona na farko a nan Jikwoyi yake, bakin titin da ya nufi Karshi. Ina tsaka da samun kaina aka zo aka shafa wa layinmu duka jan fenti, alamar rusau. Muka yi ta zirga-zirga, wannan ya ce za a ɗaga mana ƙafa, wancan ya ce an fasa. Wata safiya sai ga katafila. Abin da na fara kwasa shi ne kayan mutane, na jibge su a cikin wata keke napep, sannan jakar aikina. Da na dawo ɗaukar tebur da talabijin ɗina, babu shago. Wannan ita ce muguwar shekarata. Na koma bin gidaje a kan acaɓa, jakata a naɗe cikin leda saboda damina ce. Masu gidajen gem suka koma wurin waɗanda ke da rumfa. Wani mai gadin ya hana ka shiga, wani gidan ka je a ce oga ya fita. Sau da yawa a bakin baranda nake soda, iska tana hura mini ƙarfe yana hucewa.

A cikin wannan shekarar ne wata mata ta kira ni, ta ce sunanta Hajiya Rabi, an ba ta lambata a ofishin mijinta, in zo Gwarinpa akwai fad da ya fashe. Na je. Kafin ta shigar da ni falo sai ta tsayar da ni a soro ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Malam Isiya, kada ka yi mamakin abin da za ka gani. Alhaji ba shi da lafiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ma da ƙyar take fita."

Alhaji Tukur safiyo ne, ya yi shekaru yana awon filaye a wata ma'aikata. 'Yarsu ya saya wa injin, da ta tafi jami'a sai ya gaje shi, kullum in ya dawo aiki sai ya taɓa. Tun da ciwon ya same shi ya daina yarda da komai. Ba ya son baƙi, ba ya yin motsa jikin da aka ce ya yi, sai dai a juya masa keken guragu ya fuskanci bango. Ranar nan ne kawai ya nuna talabijin ya yi alamar a kunna masa gem ɗinsa. Aka kunna, aka ɗora masa fad a cinya. Ya gwada da hannu ɗaya abin ya ƙi, sai ya ɗaga shi da hagun ya maka da bango.

Ta ce, "Ka gyara kawai a ajiye. Ba na son ya riƙa ganin sa a fashe."

Na shiga na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Babban mutum ne mai faɗin kafaɗa, hannun damansa a kwance kan matashi kamar ba nasa ba. Ya amsa da ka. Fad ɗin ba wani ciwo ya ji ba, murfi ne ya tsage, waya ɗaya ta cire. Na manna na haɗa. Sai na nemi izini in gwada, bisa dokar Oga Bulus.

Gem ne na yawon sararin sama. Kana da kumbonka, kana sauka duniyoyi kana bincike. Inda Alhaji ya tsaya wata duniya ce mai jan rairayi da rana biyu, fara da ja. A tsakiyar rairayin akwai kufan wani birni na wasu halittu da suka shuɗe, ba mutane ba. Cikin kufan akwai fili zagayayye, a tsakiyarsa wata ƙatuwar ƙofar dutse a kwance a ƙasa, a rufe. Ginshiƙai sun kewaye filin, kowanne da madubin dutse a kansa. Abin da ake so shi ne ka juya maduban nan, haske ya tashi daga wannan ya faɗa wancan, ya zagaya har ya sauka kan idon da ke tsakiyar ƙofar. Kuma sai ranakun nan biyu suna sama tare, in ɗaya ta faɗi sai ka jira wayewar garinsu.

Na buga irin waɗannan da yawa, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na nufi ginshiƙin farko na kama madubi na fara juyawa. Sai na ji murya a bayana, mai nauyi, kamar ana jan buhu.

"A'a."

Na waiga. Alhaji ya kafe ni da ido.

"Bari. Nawa ne."

Hajiya da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Daga baya ta gaya mini rabon da ya haɗa kalmomi haka tun kafin a sallamo su daga asibiti.

Na ajiye fad ɗin na dube shi, na dubi hannunsa. Matsalar a fili take. Tafiya da juya madubi aikin sandar hagu ne, wannan yana iyawa. Amma kama madubin sai ka danne maɓallin da ke ƙarƙashin yatsan dama ka riƙe, in ka saki ya koma inda yake. Ɗaga kai da duban gefe kuma aikin sandar dama ne. Wato abu biyu cikin uku suna hannun da ba ya motsi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar hagu fa, tana aiki?"

Ya ɗaga ta ya buga a ƙasa har tebur ya girgiza.

Na ce, "To a ba ni lokaci."

Wurin wani tela a kasuwar Nyanya na samo fedar keken ɗinki na lantarki, tsohuwa, an jefar da ita ƙarƙashin tebur. Na kwashe kayan cikinta na bar sifirin da murfi. Na buɗe fad, na nemo ɗigo biyun da maɓallin dama ke haɗawa, na soda musu siraran wayoyi, na huda ɗan rami a bayan fad ɗin na fito da su, na ja har cikin fedar. Kun ji shi a baki kamar abin minti biyar. Ɗigon nan ɗaya yana manne da wata 'yar ƙwaya wadda in zafi ya yi mata yawa fad ɗin ya tafi ke nan, kuma a kan gwiwata nake aikin, a ɗakin da nake haya, ba tebur.

Gwajin farko fedar ta riƙa sulɓewa a kan tayil, Alhaji yana bin ta da ƙafa har ta shige ƙarƙashin kujera. Na koma na kafa ta a kan katako, na manna masa robar tayar mota a ƙasa. Gwaji na biyu sifirin ya yi tauri, kafin ya juya madubi ɗaya ƙafar ta gaji tana rawa. Na canza shi da mai laushi. A na uku ya taka, madubi ya kamu, ya juya shi da hagu, haske ya tsallaka ya faɗa ginshiƙi na gaba. Sai ya sake takawa, ya sake, kamar mai gwada sabuwar mota.

Saura sandar dama. Na yi tunani na yi tunani, sai na ciro irinta daga wani mataccen fad na ɗaura ta a kan lanƙwasasshen ƙarfe, yadda za ta tsaya daidai haɓarsa ya riƙa turawa. Ina alfahari da wannan dabarar na kawo. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ni akuya ne?" Hajiya ta juya baya tana dariya a cikin mayafi. Na naɗe abina na mayar jaka.

Ranar ce na haɗu da Madam Ladi, mai zuwa yi masa motsa jiki. 'Yar asalin yankin nan ce, mutuniyar wajen Kuje, gajeriya mai ƙarfin hannu, ba ta tsoron kowa. Ta daɗe tana fama da shi ya matsa ƙwallon roba yana ƙi. Ta tsaya tana kallon abin da muke yi, sai ta ja ni gefe.

Ta ce, "Oga mai gem, me ya sa kana gudun wannan hannu? Hannun bai mutu ba, yana barci ne. Yatsu ba ya aiki, amma kafaɗa yana aiki. Ka yi masa abu babba wanda zai tura da dukan hannu."

Na ce, "Madam, in ya kasa fa? Ya taɓa fasa fad ɗaya."

Ta ce, "In ya fasa ka gyara. Ba aikinka ba ne?"

Na tafi wurin 'yan gwangwan a Apo na sayo kan giyar wata tsohuwar mota, mai santsi, daidai cikin tafin hannu. Na ɗora shi a kan dogon ƙarfe, na haɗa gindinsa da sandar fad a cikin akwatin katako, na yi wa akwatin maɗauri a hannun keken guragun. Sai da na yi ta rage masa kaifi, don hannu mai ciwo ba ya tafiya a hankali, fizga yake yi, in ya fizga sai duniyar gem ɗin ta juya gaba ɗaya. Na sa roba a kowane gefe tana riƙe ƙarfen, yadda sai an tura da niyya zai tafi.

Madam Ladi ta ɗauki hannun ta ɗora a kan giyar, ta lanƙwasa yatsun a kai. Ta ce, "Alhaji, duba sama." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kafaɗar ta motsa, giyar ta ja baya kaɗan, sai hoton talabijin ya ɗaga daga rairayi ya hau jikin ginshiƙi, ya wuce madubi, har ranakun nan biyu suka bayyana. Ta tafa hannu ta ce, "Yauwa! Gobe kuma sai hagu da dama."

Daga nan aikin ya zama na mu uku. Ita ta hana shi gem sai ya gama motsa jikinsa, shi kuma ya riƙa gamawa da wuri. Ni ina zuwa bayan la'asar in ɗaure abin da ya kwance, in zauna a ƙasa kusa da shi. Ya bi maduban ɗaya bayan ɗaya har ya iso inda ya maƙale tun yana da lafiya. Ginshiƙi ɗaya ya faɗi. Yana kwance can gefe a karye, madubinsa a farfashe, rairayi ya binne gurbinsa. Haske yana zuwa nan sai ya wuce ya ɓace a sarari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in duba mana a waya? Akwai waɗanda suka wuce nan, sun sa yadda ake yi."

Ya ce, "In ka duba, kada ka dawo."

Ban duba ba. Ni a nawa tunanin ɗaga ginshiƙin ake yi, na sa shi ya zagaya shi ya fi a ƙirga, muna neman abin kamawa. Babu. Muka nemi wani madubin a cikin rusassun ɗakuna, babu. Kwanaki muna wannan.

Wata rana muna hutawa ya tambaye ni, da kalmominsa guntu-guntu, ina shagona yake. Na gaya masa abin da ya faru. Na ƙara da cewa, "Ai ku ne, ranka ya daɗe. Ku kuke auna wa masu jan fenti inda za su shafa."

Sai ya fashe da dariya, rabin fuska tana yi, rabi tana kallo. Ya yi ta yi har da tari. Da ya lafa ya ce, "Mu awo kawai. Bikon ya ɓace, mu nemo." Bikon shi ne ɗan dutsen simintin da suke kafawa a kusurwar fili. Yana faɗin haka sai ya tsaya. Ya dubi talabijin ya daɗe.

Ya ce, "Bikon ne."

Ban gane ba sai da na ga abin da yake yi. Ya tafi bayan wani ginshiƙi ya tsaya, ya saita idonsa ta kan idon ƙofar zuwa wancan ɓangaren, ya yi tafiya a miƙe, sawunsa yana fita a rairayi. Ya koma wajen madubin ƙarshe mai aiki, ya bi layin haskensa, ya sake yin wani sawun. Inda layukan biyu suka gicciye ya tsaya cak.

Ya ce, "Nan yake. Da."

Ashe ba ɗaga ginshiƙin ake yi ba. Mutum ne zai tsaya a gurbinsa ya zama ginshiƙin. Ɗan sama jannatin gem ɗin yana da wata garkuwa mai ƙyalli da yake kare kansa da ita daga guguwa, ita ce madubin. Ni da na shekara ina buga gem ban kawo wannan ba, shi kuma da bai samu feda da giya ba da tunanin ya tsaya masa a ka. Kowa da abin da ya kawo.

Amma sanin hanya daban, bin ta daban. Sai ya taka feda ya riƙe garkuwar a sama, ya daidaita tsayuwarsa da hagu, sannan hannun dama ya karkata garkuwar a hankali har hasken ya sauka kan idon ƙofar, ya kuma riƙe shi a wurin har zanen da ke kewaye da idon ya cika da haske. Wannan riƙewar ita ce wuyar. Hannun ya kai wurin sai ya yi rawa, haske ya zame, zanen ya dushe. Ya sake, ya sake, jar rana ta faɗi. Ranar farko haka muka tashi. Rana ta biyu ma haka, har na ga ya ɗaga fad ɗin da hagu yana kallon bango. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan akwai wayoyina a ciki." Ya sauke shi.

Na ce wa Madam Ladi ko in ƙara wa giyar roba ta riƙa tsayawa da kanta. Ta ce, "Kar ka taɓa. Shi zai riƙe."

Ranar da abin ya yiwu, Laraba ce da yamma, an ɗauke ruwa ke nan. Hajiya ta shigo da shayi ta tsaya da tiren a hannu. Alhaji ya tsaya a gurbinsa, ya taka feda, garkuwa ta tashi, haske ya buge ta. Kafaɗar ta fara turawa. Hasken ya rarrafo a kan dutse, ya wuce idon, ya dawo, ya zauna. Zanen ya fara cika. Ina kallon hannun, ba talabijin ba. Rawar ta fara daga gwiwar hannu, na ce shi ke nan. Sai na ga yatsun nan da kullum Madam Ladi ce ke lanƙwasa su, sun matse kan giyar da kansu. Manuniya da na tsakiya, har farcen ya yi fari.

Madam Ladi ta ce a hankali, "Yesu." Hajiya ta ce, "Allahu akbar." Talabijin ya yi wata ƙara mai zurfi, dutsen ya rabe biyu, rairayi yana zuba a ciki, matakala ta bayyana tana gangarawa ƙasa.

Alhaji ya saki feda, ya sauka matakalar. A ƙasa wani babban zaure ne, rufinsa cike da taswirar taurari tana haske, jikin bangon kuma an sassaƙa halittun nan dogaye masu hannu huɗu, a jere, kowanne da kaya a ka, suna barin garin. Ya tsaya a gabansu ya kalla. Sannan ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Malam Isiya. 'Yan layinku."

Hajiya ta ajiye tiren ta fita da sauri. Madam Ladi kuwa ko kallon talabijin ba ta yi ba, ta durƙusa ta kama hannun tana cewa, "Sake matsewa. Sake. Alhaji, matse yatsana."

Daga wannan aikin sana'ata ta sake hanya. Madam Ladi ta riƙa haɗa ni da masu irin wannan lalurar. Ita ta kai ni Kuchigoro, wurin 'yan gudun hijira, inda na yi wa wani magidanci mutumin Gwoza, da ya rasa yatsu uku, fad mai maɓallai a gefe, yanzu shi ke kula da gidan gem na wurin. Na yi wa wata malamar makaranta na ƙafa zalla. Ba biyu da suke zama iri ɗaya, domin ba jiki biyu da ciwo ke ci iri ɗaya. Sai ka je ka zauna da mutum, ka ga abin da ya rage masa, ka gina a kai. Wannan ba ya cikin waya, kuma ba wanda zai koya muku shi a sati biyu. Kafin shekara ta zagayo na kama shagon nan da kuke zaune a ciki.

Ina cikin jera kaya a sabon shagon, ko allon suna ban kafa ba, sai mota ta tsaya a waje. Hajiya Rabi ce ke tuƙi. Ƙofar gaba ta buɗe, sanda ta fara fitowa, sannan Alhaji Tukur, a tsaye da ƙafafunsa, yana jan ta dama kaɗan. Ya ƙi yarda a riƙe shi. Ya tsallake kwata, ya hau dakalin nan, ya dubi bangon shagon sama da ƙasa.

Ya ce, "Wannan yana kan layi, ba jan fenti. Na duba."

Sannan ya mayar da sandar zuwa hannun hagu, ya ɗago na dama a hankali ya miƙo mini. Na goge nawa a riga na kama. Riƙon ba ƙarfi, amma riƙo ne, kuma bai yi saurin saki ba.

Ya ce, "Fedar ta fara ƙara. Kuma na samu wani kufan, a ƙarƙashin ruwa. Yaushe za ka zo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in ɗauko jakata."